Godiya Bayan Keɓe Majami'armu ta Uku

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu zuwa ga iyayena, 'yan'uwana da abokan arziki na Katsina da kewaye.

Ranar Asabar da ta wuce aka keɓe ƙaramar majami'ar da muka gina a ƙauyen nan na bayan Charanchi. Ba zan ambaci sunan ƙauyen ba saboda halin da ake ciki, waɗanda suka je sun sani. A wurin taron an ba ni dama in yi jawabin godiya. Na tashi, na karɓi makirufo, na dubi jama'a, sai murya ta ƙi fita. "Na gode, na gode" kaɗai na iya cewa, na koma na zauna. Yau Litinin da dare, yara sun tafi gida, na ja ƙofar shago, shi ne na ce bari in rubuta abin da bakina ya kasa faɗi.

Ga wanda bai san ni ba, ni tela ne, kuma fasto. Shagona yana ta wajen Ƙofar Ƙaura. Daga Litinin zuwa Juma'a ina kan keken ɗinki, Asabar bayan la'asar in ɗaura jaka a bayan babur in kama hanya, in kwana a ƙauye, mu yi sujada Lahadi, in dawo kafin duhu. Haka aka yi majami'a ta farko a bayan gari, haka aka yi ta biyu kan hanyar Dutsin-Ma, ga ta uku yanzu.

Godiya ta farko ta Allah ce, kuma ba zan iya yin ta ba sai na tuna kakana. Bamaguje ne. Kuturta ce ta kai shi Babbar Ruga, nan kan hanyar Batsari, inda 'yan mishan na SIM suke jinyar kutare tun shekarun 1930. Magani ya je nema. Ya dawo gida yatsunshi ba cikakku ba, amma ya dawo ya iya karatu, da Littafi Mai Tsarki na Hausa a jakarshi, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932. Ina yaro na sha ganin yadda yake fama da guntayen yatsun nan kafin ya buɗe shafi ɗaya, bai kuma taɓa yarda wani ya buɗe mashi ba. Ni Allah ya ba ni yatsu goma lafiyayyu. Da su nake zura zare a allura, da su nake buɗe Littafin a gaban jama'a. Ban yi komai ba da na cancanci haka.

Da na gama makarantar Littafi Mai Tsarki a Malumfashi, na riga na san abu ɗaya game da ƙauyukanmu. Za ka tarar da gidaje shida ko bakwai na masu bi, manoman gero da dawa, waɗanda kuɗi ke shiga hannunsu sau ɗaya a shekara, bayan kaka. Suna son a koya masu Maganar Allah, suna son wanda zai ɗaura masu aure, ya yi ma 'ya'yansu addu'a, ya tsaya a kan kabarinsu. Amma ba za su iya riƙe fasto da iyalinshi ba. Baikon Lahadi sau da yawa ko kuɗin man babur ba ya cikawa. To ko dai a jira har ranar da za a sami albashi, ko mutum ya ɗauki sana'arshi ya tafi. Na karanta cikin Ayyukan Manzanni sura 18 yadda Bulus ya zauna da Akila da Bilkisu a Koranti suna ɗinkin alfarwa tare, ran Asabar kuma ya shiga majami'a. A sura 20 ya tuna ma dattawan Afisa cewa hannuwanshi ne suka biya bukatunshi da na abokan tafiyarshi. Ni ma ɗinki na gada, sai na ɗauka.

Kada wani ya fahimce ni ba daidai ba. Ban ce wannan hanya ta fi ta waɗanda suka ba da dukan lokacinsu ga aikin ba. Shi Bulus ɗin ne ya rubuta ma Korantiyawa cewa masu shelar bishara su ci abinci ta bishara. Tun 1948 EMS, ƙungiyar mishan ta ikilisiyoyin ECWA, take aika masu bishara, ikilisiyoyi na tallafa masu, kuma na san waɗansunsu da ke zaune a wuraren da ni ba zan iya kwana uku ba. Abin da na gani da idona kawai shi ne, mutum ɗaya in ya ɗauki kaya biyu, dole wani abu ya zube, dole kuma wani ya sunkuya ya ɗauka. Wannan saƙo na waɗanda suka sunkuya ne.

Maman yara, ke ce kan gaba. Kin auri tela, kika wayi gari matar fasto, kuma babu ɗayan biyun da kika samu cikakke. Kowace Asabar da dare ke kaɗai da yara. Watan Disamba, lokacin da ankon Kirsimeti ya cika shago, shirin bikin kuma ya cika ikilisiya, kan yi sati ba mu ci tuwo a kwano ɗaya ba. Akwai dare guda da ba zan manta ba. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda 'yan bindiga, har da yankin da majami'armu ta biyu take. Ina can, babu waya, babu labari. Cikin daren zazzaɓi ya kama ƙaramar ɗiyarmu har ta fara shiɗewa. Kika goya ta, kika buga ƙofar maƙwabci, ya kai ku asibiti. Ni kuwa na tashi da safe na yi wa'azi, na ci abinci, na yi hira da dattawa, ban san komai ba sai da na iso gida na tarar da ƙofa a kulle. Da na same ku a asibiti, ana mata ƙarin ruwa, kin ɗago kai kin ce mani sannu da hanya, kika tambaye ni ya jama'a. Har yau ba ki taɓa goranta mani daren nan ba. Da iskar farkon damina ta yaye rumfar da muke sujada a sabon wurin, awakinki biyu kika sayar aka fara sayen kwano, ba tare da na roƙe ki ba. Ba ni da abin biyan ki. Allah ya biya ki, ya raya maki yaran nan, ya sa su ji ƙanki.

Kai kuma maƙwabcina da ka tashi cikin dare ka tada babur a lokacin da kowa ke tsoron buɗe ƙofa, Allah ya tsare ka da iyalinka.

Yaran shagona su uku ne, biyu Musulmi, ɗaya Kirista. Duk wanda ya san ɗinki ya san goman ƙarshe na azumi: shadda da yadi sun taru har rufi, wuta ta zo ta ɗauke, janareta na ci, dutsen guga ba ya hucewa, ana kwana a kan keke. Cikin wannan hali Asabar takan zo, in tsaya ina duban tulin aiki ina duban agogo. Babbansu shi ke cewa, "Maigida, je ka, za mu ƙarasa." Suna azumi, ga gajiya, amma su ƙarasa, Litinin in tarar an goge an ninke, kuɗi kuma cif a cikin durowa. Ku sani kowane bulo na ginin can akwai guminku a ciki.

Alhaji mai shagon da nake haya, ranka ya daɗe. Shekarar da babur ya zame da ni cikin taɓo na karye a ƙafa, wata uku ban taka keke ba, kuma tela in ba ƙafa babu abinci. Lokacin haya ya zo ya wuce ba ka aiko ba. Da na dogara sanda na je in ba ka haƙuri, ka ce in bari sai na miƙe, ka kuma sa aka kai mani hatsi gida. Ka san sarai inda nake zuwa kowace Asabar da abin da nake yi a can. Addininmu ba ɗaya ba, amma ka riƙe ni riƙon ɗa. Allah ya ƙara girma, ya ja kwana.

Masu kawo mani ɗinki, ku godiya da neman gafara zan haɗa maku. Kowa ya san abin da ake faɗi a kan alƙawarin tela, ni kuma na taɓa tabbatar da shi a hanya mafi muni. Wani bawan Allah ya kawo kayan ɗaurin aurenshi, na karɓi kafin alƙalami, na sa mashi rana. Ana saura kwana biyu aka yi mamu rasuwa a ƙauye, na tafi jana'iza, na kwana biyu ina zaman makoki da iyalin. Ya zo karɓar kaya ya tarar babbar rigar ko aikin wuya ba a gama ba. Ranshi ya ɓaci, kuma yana da gaskiya. Da rigar aro ya je ɗaurin aurenshi. Abin ya daɗe yana ci na, don na tambayi kaina: fasto da ya saɓa alƙawarin riga, da wane baki zai tsaya ya yi ma mutane maganar alƙawarin Allah? Tun daga ranar na daina karɓar aikin da ban tabbata zan cika ranarshi ba, ko da hakan ya rage abin da ke shigowa, kuma ya rage. Malam, idan wannan rubutu ya iso gare ka, ina sake roƙon ka gafara. Ku kuma da kuka ci gaba da kawo aiki duk da kun san Asabar da yamma da Lahadi ba a samu na, kuɗin ɗinkinku ne ya zuba mai a babur ɗin nan shekara da shekaru.

Sai masu ginin da kansu. A gindin tsamiya muka fara, a kan tabarmi, in hadari ya taso mu gajarta wa'azi. Daga nan rumfar kara, wadda iska ta ɗauke. Da kuka ce za ku yi gini na bulo na ji tsoro a raina, don na san abin da ke cikin rumbunanku. Amma kowace kaka kowane gida ya fitar da daminshi na dawa ko na gero, aka sussuka, aka kai kasuwa, aka sayi siminti buhu ɗaya, buhu biyu, aka ajiye. Matasa suka ɗebo yashi daga rafi a amalanke. Mata suka yi ta jigilar ruwa daga rijiya tun asuba, don a buga bulo kafin rana ta yi zafi. Iya, tsohuwarmu, wadda ba ta da gona ba ta da ɗa a kusa, kowace damina sai ta kawo ƙwan zabi a ƙwarya ta ce a sayar a sa a gini. Ranar Asabar da aka buɗe ƙofa, ita dattawa suka ce ta fara shiga, kuma sun yi daidai.

Baba mai unguwa, mun gode. Kai ka tsaya aka auna filin gaban shaidu, ka sa aka rubuta, don kada wata magana ta taso bayan ba mu. Ranar da za a zuba linta muka kira gayya, sai ga maƙwabtanmu Musulmi da kwanonin ɗaukar kankare, suka yi aiki har azahar, suka je suka yi salla, suka dawo aka ƙarasa. A zamanin da mutum ke ganin baƙon babur gabanshi ya faɗi, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Shekarar 2023 ta kusa tsayar da aikin. Da farko ƙarancin takardun kuɗi, mutum ya karɓi ɗinki ba shi da abin biya a hannu. Sannan ƙarshen watan Mayu aka cire tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Na zauna na yi lissafi na ga ba zan iya zuwa kowane mako ba. Ban gaya ma kowa ba, amma ƙungiyar matasa ta ikilisiyarmu ta cikin gari suka lura, suka fara haɗa kuɗin mai duk wata, ɗalibai da masu koyon sana'a. Ba Lahadi ɗaya da ta faɗi. Allah ya buɗa maku.

Ina gode ma Baba Rabaran da shugabannin gunduma da suka zo suka yi addu'ar keɓewa, da fastocin da suka bar ayyukansu suka biyo su. Zumuntar Mata, tun daren Juma'a kuke kan murhu, kowa ya ci ya ƙoshi har aka kai maƙwabta, sannan kuka ɗaura ɗankwali kuka ɗauki tulu da caki kuka cika wurin da waƙa. Mawaƙa, magini, kafinta da ya rage kuɗin aikinshi, direban da ya kwaso mutane, duk na gan ku.

Majami'a ta farko yanzu tana da fastonta, su ke riƙe shi da kansu. Ta biyu tana hannun mai bishara, manomi ne, a cikinsu yake zaune. A wannan ta uku akwai saurayi mai gyaran babura da ya fara jagorantar addu'ar tsakiyar mako, kuma dattawa sun yarda a tura shi Malumfashi in Allah ya kai mu. Ƙanena, na gode da ka amsa. Kada ka sayar da kayan aikinka, za ka bukace su.

Ginin bai ƙare ba. Tagogi huɗu ba a sa ba, ba a yi daɓe ba, kujeru kuma aro muka yi, mun mayar. Lahadi mai zuwa bayan sujada ma'aji zai karanta lissafin duk abin da ya shigo da abin da aka kashe, gaban kowa. Waɗanda kayansu suka makara a shago saboda hidimar nan, ku yi haƙuri, ku zo ranar Alhamis, za ku same su a goge. Wanda kuma yake so ya ga wurin da idonshi, ya same ni a shago Asabar bayan la'asar, akwai wurin mutum ɗaya a bayan babur.