Gonar haya da ƙasar da ta gaji

Duk wanda ya daɗe yana zagaya gonakin masara daga Saminaka zuwa Soba da Giwa ya saba jin kukan nan: bana na ƙara taki a kan na bara, amma amfanin bai kai na bara ba. Abin da aikin gona ya koya mini shi ne, kafin a ɗora wa taki laifi, a fara duba yadda aka sa shi, sannan a duba ƙasar kanta.

Hekta ɗaya ta masara a yankinmu tana son kamar buhu takwas na kamfa, wato takin zamani na NPK 15-15-15, da yuriya kusan buhu uku. Tsakanin kunya da kunya santimita 75, tsakanin rami da rami 25, tsiro ɗaya a rami. Kamfa ta shiga kafin shuka ta wuce sati biyu, yuriya kuma a sati na biyar zuwa na shida, lokacin da ƙasa ke da danshi. A tona ɗan rami kamar faɗin yatsu huɗu daga gindi, a zuba, a rufe. A wajen rufewar nan ake tafka asara. Yuriyar da aka bari a fili iska take bi, in kuma ruwa mai ƙarfi ya sauko ya kwashe ta zuwa kwari. Sai ka ga ganyen ƙasa ya yi rawaya daga tsini yana bin tsakiya, alhali mai gona ya biya kuɗin taki cif.

To amma ko an sa shi daidai, ƙasar da aka kwashe mata kara, aka ƙone sauran, shekara da shekaru, ba ta iya riƙe abin da aka ba ta. Ka damƙe ta a hannu da danshinta, ka buɗe, sai ta watse kamar yashi. A tashar binciken noma ta Samaru a Zariya, tun 1950 aka fara gwajin kashin shanu da takin zamani a kan fili ɗaya, kuma abin da ya fito shi ne haɗa su biyun ya fi riƙe ƙarfin ƙasa, takin zamani zalla kuwa a hankali yana sa ta tsami. Tan biyar na ruɓaɓɓen takin gida a hekta yana yin aiki, amma a bar shi ya ruɓe a inuwa tukuna, don ɗanye yana ƙona tsiro, yana kuma kawo irin ciyawa.

Wuta-wuta ma, ciyawar nan da ke kama saiwar masara tana tsotse ta, gonar da ta gaji take so. Gindi ɗaya yana zubar da dubban iri, su kwanta a ƙasa fiye da shekara goma. A tumɓuke ta kafin ta yi fure, a shuka irin masara mai jure mata kamar SAMMAZ 15, a riƙa karɓa-karɓa da waken suya, wanda ke sa irinta ya tsiro ya mutu don bai sami saiwar da zai kama ba.

Duk wannan gyara aikin damina uku ne ko fiye, kuma nan ne abin ke damuna. Manoma da yawa haya suke ta shekara ɗaya. Wa zai kai amalanken taki gonar da baɗi mai ita zai karɓe, ko ya ƙara kuɗi don ya ga ta yi kyau? Ba na ganin laifin ɗan haya ko kaɗan.

Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar gona a karkara, amma gonakin gado da na aro da na jingina akasari har yau da baki ake riƙe su. Kafin takardar gwamnati ta iso kowane ƙauye, abin da na ga yana aiki shi ne yarjejeniya a rubuce gaban mai unguwa da shaidu biyu: haya ta shekara uku aƙalla, kuɗi a tsaye, kara ya zauna a gona, in kuma mai gona ya karɓe ta kafin wa'adi, ya biya takin gidan da aka zuba.