Ni da ssh da netwok ɗin unguwarmu

Ssh hanya ce ta shiga saba, wato kwamfutar da ke nesa, ta netwok. Da can ni ɗan PuTTY ne, manhajar da nake yin ssh da ita, sai wani abokina ya ce haba malam, ai Windows 10 ma da tata manhajar ssh mai suna OpenSSH take zuwa, buɗe taminal, wurin rubuta wa kwamfuta umarni, kawai ka rubuta ssh sunanka@adireshin saba, ka shige ta port 22, ƙofar da ssh ke bi.

Na haɗa makulli, wato fayil ɗin shiga saba, da umarnin ssh-keygen -t ed25519 don na gaji da buga fasuwod, amma da na kwafe shi zuwa laftof ɗina mai Linux sai ssh ya ƙi shi ƙememe, wai kowa na iya karanta fayil ɗin, sai da na yi chmod 600, umarnin da ya sa ni kaɗai zan iya karanta shi.

Netwok kuwa, ana tsakar aiki komai ya daskare. Yanzu tmux nake kunnawa a sabar, manhajar da ke riƙe aiki ko haɗi ya katse, in netwok ya yanke na dawo na yi tmux attach, aikina na nan yadda na bar shi.