Ƙararrawar Chion-in ta Kyoto

Jama'a, yau na ga abin da ya ɗaure min kai a Kyoto ta Japan. Wata abokiyar karatuna ce ta ja ni wurin ibadar mabiya addinin Buddha na Chion-in, domin kowace 27 ga Disamba suke gwajin buga babbar ƙararrawarsu kafin daren sabuwar shekara, lokacin da ake buga ta sau 108.

A 1636 aka zuba ta, nauyinta wajen tan 70. Ba ta da harshe a ciki, da gungumen itace da aka rataye ake dukanta daga waje. Limamansu 17 ne a kan aikin: 16 na riƙe da ƙananan igiyoyi, shi kuwa jagoran sai ya kama babbar igiya ya saki jikinsa baya gaba ɗaya, har ka ce ƙasa zai sha. Da gungumen ya sauka, a ƙirjina na fara jin amon kafin kunne, kuma ya daɗe yana kaiwa da komowa.

Ni dai maƙeran ne suka tsaya min a rai. Sai an gina mazubi na yumɓu ciki da waje, a narka tagulla da kuza, a kwarara su cikin ratar da ke tsakani ba tare da tsayawa ba. In kuza ya yi yawa, sai ƙarfen ya yi saurin tsagewa. Kuma ba wanda zai san muryarta sai ta huce an fasa mazubin.

Abin takaici, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta kwashe ƙararrawa masu ɗimbin yawa ta narkar don ƙera makamai. Wannan tana cikin waɗanda suka tsira.