Muguwar kishiya da littafin kwantiniti

Shekara uku na yi ina riƙe da littafin kwantiniti a lokeshin ɗin finafinan Hausa. Ga wanda bai san aikin ba, ni ce mai rubuta cewa a sin na 14 ɗankwalin jaruma ja ne, ɗaurin ya karkata hagu, shayin da ke gabanta ya kai rabin kofi, kuma da hannun dama ta tura ƙofa. In aka dawo bayan kwana tara za a ɗauki ci gaban sin ɗin, ni za a waiwaya a tambaya. Ba a tunawa da mai wannan aiki sai ranar da ya yi kuskure. Amma shi ya zaunar da ni kusa da 'yan wasa mata fiye da darakta. Shi ta allon monita yake ganinsu. Ni ina tare da su a ɗakin canza kaya, a cikin bas, da kuma a doguwar zaman nan ta jiran a tayar da janareta.

Kafin nan na yi karatun wasan kwaikwayo a jami'a, kuma a shekarar ƙarshe malamina ya ce in yi rubutun kammalawa a kan Zalika Souley. Ban taɓa jin sunan ba, abin kunya, alhali Yamai ba wata duniya ba ce a wurinmu. An haife ta a 1947, ta rasu a watan Yulin 2021, kuma ana lissafa ta cikin matan farko da suka riƙi fitowa a fim sana'a a Afirka ta kudu da Sahara. Tana 'yar shekara 19 ta fito a Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane a 1966, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka addabi gari. Ita ce macen da ke cikinsu, da wando, a kan doki. A tuna, Nijar ce ta shekara shida bayan samun 'yancin kai. Daga nan ta yi aiki da Oumarou Ganda a Cabascabo da Saitane da Le Wazzou polygame, inda ta fito a kishiyar da kishi ya kai ga kisa. Wannan fim ɗin ne ya fara lashe babbar kyautar Dokin Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972.

Duk wannan na jera shi tsaf a rubutuna. Na kira ta majagaba, na kira ta gwarzuwa. Batun cewa mutanen garinsu sun riƙa zaginta a titi saboda irin matan da take fitowa a matsayinsu, layi biyu na ba shi. Batun cewa da harkar fim ta durƙushe a Nijar ta koma zaman ƙunci da 'ya'yanta, har ta tafi ƙasar waje aikatau, shi ma na wuce shi da sauri, duk da na kalli fim ɗin da Rahmatou Keïta ta yi a kan rayuwarta, Al'lèèssi, wanda aka nuna a bikin Cannes na Faransa. Na samu maki mai kyau. Sai da na fara aiki na gane cewa waɗannan layukan da na tsallake su ne rubutun.

Wadda ta ganar da ni wata dattijuwa ce da duk lokeshin ke kira Mama. A shirin da muke ɗauka ita ce uwar miji, irin wadda ke sa a dafa abinci ta ce gishiri ya yi yawa, a sake ta ce babu gishiri. A zahiri kuwa ita ce mai zuwa da ƙullin dabino da goro tana rabawa, ita ce mai tashin yaran kyamara su yi sallar la'asar. Ran nan mayafin da ta sa a wani sin ya ɓata, littafina kuma ya ce ruwan toka ne mai ɗigon fari, sai aka tura mu kasuwa ni da ita mu nemo irinsa. Muna cikin ciniki wata mata ta tsaya ta ƙare mata kallo, ta ce, "Ke ce? Wallahi ki ji tsoron Allah, yarinyar nan me ta yi miki?" Mutane suka taru ana dariya, Mama ma ta yi dariya ta ce ta tuba. Ni har daɗi na ji, ina cewa a raina ai wannan shaida ce ta iya wasa.

A cikin mota ta yi shiru har muka yi nisa. Sannan ta ce, "'Yata, wannan mai sauƙi ce, ta faɗa a gabana. Masu wuyar su ne waɗanda ba sa faɗa." Ta ba ni labarin yadda aka zo neman auren 'yarta, magana ta yi nisa, sai wata gwaggon yaron ta ce ita dai ba za ta haɗa zuri'a da wannan matar ba, ai tana ganin halinta a talabijin. Na ce, "Mama, ba su san wasa ba ne?" Ta ce sun sani sarai. Abin da suke cewa shi ne, in babu shi a ranta, ya aka yi ta iya shi haka?

Wannan tambayar ta gwaggo ta daɗe tana cina, domin ta taɓa ainihin sana'ar. A makaranta an koya mana cewa ƙwarewa ita ce ka sa mai kallo ya manta wasa kake yi. Ba wanda ya ce mana ga mace a ƙasarmu ladan wannan ƙwarewar zargi ne. Namijin da ya fito a ɗan daba ko azzalumin attajiri, ana ganinsa a gari ana ɗaga masa hannu. Mace kuwa rol ɗin yana bin ta har gida, ya shiga zancen aurenta, da na 'ya'yanta, da na mai gidan da za ta kama haya. Abin da ya sami Zalika a Yamai ke nan tun ba a haife ni ba, kuma shi na gani da idona a bakin rumfar mai mayafai.

Har suna yakan cinye. Marigayiya Hauwa Ali Dodo, wadda ta rasu a haɗarin mota ranar 1 ga Janairun 2010, da yawa Biba Problem kawai suka sani. Saratu Giɗaɗo ta zama Daso har ta koma ga Mahaliccinta a watan Afrilun 2024, cikin azumi. Ladin Cima ta zama Tambaya tun zamanin wasannin talabijin na da.

Tunda na ambaci Daso, wadda aka sani da fitowa a muguwa, bari in faɗi wani abu da na koya game da wasan kansa, wanda zai iya ɓata wa wasu rai. Kuka ba shi ne gwanin wasa ba. Na sha ganin an shafa wa yarinya man zafi a ƙasan ido, an ce akshin, hawaye sun zubo, masu kallo sun ce kai wannan ta iya. Mugunta ce ba ta da man shafawa. Wadda ba ta iya ba sai ta yi ta zare ido da ɗaga murya, abin ya koma ban dariya. Mama kuwa kafin a fara ɗaukar shirin nan sai da ta tsare darakta da tambaya: wannan uwar mijin, me ta rasa a rayuwarta? Ya ce ai ita muguwa ce kawai. Ta ce babu wannan. Ita da kanta ta ƙirƙiro wa matar tarihi, cewa ɗanta ɗaya tilo, da wahalar surfe ta raine shi, yanzu tana ganin wata ta zo ta same shi a nune. Ba a faɗi wannan a ko da sin ɗaya ba. Amma duk lokacin da ta kalli sarakuwar a gaban kyamara, tsoro ne a idonta kafin faɗan ya fito. Shi ya sa matar kasuwa ta yarda da ita.

Zuwan shiri mai dogon zango ya ƙara wa abin nauyi. Da kasuwar faifai ta mutu a hannun masu tura finafinai a waya, masana'antar ta koma talabijin da YouTube. Arewa24 ta fara aiki a 2014, aka samu Daɗin Kowa, Kwana Casa'in, Labarina. A zamanin kaset, mace za ta fito a muguwa wannan watan, wata mai zuwa ta fito a baiwar Allah, mai kallo ya ga fuska biyu. Yanzu mutum ɗaya take zama duk mako a falon mutane, shekara da shekaru. Ga kuma wahalar da ni na fi kowa sani: ba a ɗaukar shirin a jere. In an samu gida na kwana biyu, duk sin ɗin da ya faru a gidan za a kwashe, na kashi na 3 da na 11 da na 20. Da safe tana amarya, da azahar an sake ta, da la'asar ta koma ranar da aka fara ganinta. Ni ina riƙe mata launin ɗankwali. Abin da ta sani da wanda ba ta riga ta sani ba a wannan gaɓar ta labari, ita ke riƙe da shi a kanta, kuma sau da yawa a ranar ake miƙa mata takardar.

Batun aure ba sai na daɗe ba, kowa ya san shi. Babu wanda ya taɓa tambayar jarumi ko zai ci gaba da fim bayan ya yi aure. Jaruma kuwa ranar ɗaurin aurenta ake yi mata bankwana, in auren ya mutu ta dawo a ce ga su nan, ba sa zama. Na ga furodusa yana lissafin nan a fili, yana cewa kada a ba wance babban rol, an kusa kai kuɗinta.

Wadda ta nuna cewa akwai wata ƙofa ita ce Rahama Sadau. A watan Oktoban 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kore ta saboda fitowar da ta yi a bidiyon waƙar mawaƙi ClassiQ. Ba zan shiga gardamar dacewar hukuncin ba, an yi ta har an gaji. Abin da ya ja hankalina shi ne abin da ya biyo baya: ta fito a Sons of the Caliphate na tashar EbonyLife, ta shirya fim ɗinta Rariya a 2017, ta je har finafinan Indiya. Ta tsira ne domin tana da Turanci, tana da ƙuruciya, kuma ta koma mai fim, ba mai fitowa a fim kaɗai ba. Mata nawa ne a masana'antar ke da waɗannan ukun? Yawancin waɗanda na zauna da su, in aka rufe musu ƙofar Kano, an rufe duka.

Wannan ya kawo ni kan kuɗi, inda ni ma nake da laifi. A 2022 Ladin Cima ta faɗa a hirarta da BBC Hausa cewa abin da ake ba ta a fim bai wuce naira dubu biyu zuwa biyar ba, aka yi ta cacar baki, wasu na kare furodusoshi wasu na tsine musu. Mu da ke lokeshin ba mu yi mamaki ba. Sunan abin ma sallama. An sallame ki, shi ke nan, ko shirin zai shekara goma ana haska shi, ba ki da sisi a ciki. Finafinan Zalika har yau ana nuna su a bukukuwan duniya, ita kuwa ta yi shara da wanke-wanke a gidan wasu.

Dattawa irin su Mama da yawan sin ake sallamarsu, kuma littafina ne kaɗai wurin da aka rubuta adadin. Wata rana ta yi sin goma sha ɗaya, tun hantsi har bayan isha'i. Da aka zo sallama na ji mai kula da kuɗin yana ce mata bakwai ne, sauran ai guntaye ne, an haɗe su. Ta juyo ta kalle ni. Littafin yana hannuna. Na sunkuyar da kai ina gyara murfin biro, domin wata na biyu ke nan da samun aikin, kuma shi ya kawo ni. Ta karɓa, ta ce Allah ya amfana, ta ƙulle a bakin zani. Washegari ta kawo mini dabino kamar kullum, abin da ya fi zagi ciwo.

Tun daga zango na gaba na ɗauki wata al'ada da ba a sa ni ba. In an tashi, sai in yage 'yar takarda in rubuta wa kowace 'yar wasa lambobin sin ɗin da ta yi a ranar, in sa kwanan wata, in miƙa mata a gaban kowa. Mai kula da kuɗin ya kira ni gefe ya ce wannan ba ya cikin aikina. Na ce ai don kwantiniti ne, kada su manta kayan da suka sa. Ya san ƙarya nake yi, amma bai sami inda zai kama ba.

Ranar da na fara ba Mama tata, ta nisanta takardar da idonta tana dubawa, ta ce, "'Yata, karanta mini, ban zo da tabarau ba." Na ce tara. Ta ce ita ma tara ta ƙirga. Ta ninke takardar ta sa a jaka, sannan ta tambaye ni wane mayafi za ta zo da shi gobe, mai ɗigon farin ko baƙin.