An ba ta gurbi

Yau da hantsi na raka yayana da ɗiyarsa shagon intanet a kan titin Ahmadu Bello, mu duba shafin JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a. Yaron shagon ya buɗe CAPS, sashen da ake duba gurbin karatu, sai ga shi an ba ta gurbi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Yarinya ta rufe fuska da mayafi tana kuka, ni kuma ina ta hamdala. Da na waiga, sai na ga Yaya ya yi shiru, yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Na san lissafin: kuɗin rajista, ɗakin kwana, takardun karatu, abinci, kuɗin mota. Ya ce da ni a hankali, "Ƙane, albasar fa ba a ɗebe ta ba tukuna."

Abin ya tsaya mini a rai. Kwamfutar nan ta san lambar NIN ɗinta, ta san makin da ta ci cikin 400, da sakamakon WAEC, da jiharta har ƙaramar hukuma. Da irin bayanan nan ake raba gurabe a jami'o'in tarayya: kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 na jihohin da aka bari baya a boko, kuma Sakkwato na cikinsu. Amma babu layin da ya tambayi abin da ke aljihun uba. Na yi wa Yaya zancen rancen NELFUND, asusun gwamnati mai ba ɗalibai bashin karatu, ya ɗan yamutsa fuska, don shi da bashi ba sa ga maciji. Ita dai yarinyar ta danna ta karɓi gurbin. Har muka iso gida ina tunanin yatsun nan nasa, da ya kai na biyar bai gama ba.