Kar ku bar filamba ya toshe muku wannan bawul ɗin

Masu hitar gas marar tanki, wadda sai ka buɗe famfo take kamawa, kun san halinta. Wanka kam ba ta da matsala, ruwan zafi ba ya ƙarewa in dai akwai gas a silinda. Amma ka zo alwala ka ɗan murɗa famfo kaɗan, ko motsi ba za ta yi ba, don sai ruwan da ke bi ta cikinta ya kai wajen lita 2 zuwa 3 a minti kafin wutar ta tashi. In kuma ka kashe shawa don ka goga sabulu ka sake kunnawa, sai ɗumi ya zo, sanyi ƙarara ya biyo baya, sannan zafi. A Jos muke, gari ne da ke kan tudu kusan mita 1,200, ruwan da ya kwana a tankin sama cikin Disamba ko Janairu ba abin taɓawa ba ne da asuba, ga Inna da ciwon gaɓoɓi, kullum sai an ɗora mata buta a risho alhali ga hita a gida.

Shi ya sa na sayo ƙaramar hita ta lantarki mai tanki, lita 15, wat 1500, aka ɗaura ta a gaban ta gas ɗin. Wato ruwa ya sauko daga tankin sama, busta, wato injin da ke ƙara wa ruwa ƙarfi, ya tura shi, ya bi ta gas, ya shiga ƙaramin tankin, daga nan ya tafi famfuna. Ɗan sanyin nan da ke ratsowa sai ya narke a cikin lita 15 ɗin ba ka ma jin shi, kuma ko ɗigo-ɗigo ka buɗe famfo ruwan ɗumi ne. Wannan ɓangaren ya yi yadda nake so, ba ni da ƙorafi.

Matsalar daga ɗan bawul ɗin da ke zuwa cikin kwalin ne, wanda ake ɗaurawa a bakin shigar ruwa, gefen mai alamar shuɗi. Aiki biyu yake yi, yana hana ruwa komawa baya, kuma in matsi ya yi yawa a cikin tanki sai ya tsiyayar ta wani ɗan hanci da ke jikinsa. To bayan an gama aiki sai muka ga yana ɗiga a kan tayil, maman yara ta yi magana, na kira filamban daga wurin aiki. Ya ce ranka ya daɗe ai na yanzu duk haka suke, ba su da ƙwari, bari in zo in rufe shi. Ya zo ya cusa wani abu a hancin ya naɗe da tef, ɗiga ta tsaya, har gode masa aka yi.

Ɗigar nan fa ita ce aikin bawul ɗin! Ruwa in ya yi zafi kumbura yake, daga digiri 15 zuwa 60 yana ƙaruwa da wajen kashi ɗaya da rabi cikin ɗari, a lita 15 ya kusa rubu'in lita, kamar kofin shayi guda. Kuma ruwa ba ya matsuwa irin iska, kofin nan dole sai ya samu hanyar fita, baya a rufe, famfuna a rufe, hancin bawul an toshe, to ina zai bi? Tankin kansa an rubuta bar 8 ne iyakar matsin da zai iya ɗauka.

Da rana ba a gane komai saboda kowane lokaci wani na buɗe famfo matsin ya sauka, kuma ruwan da ke shiga tankin gas ta riga ta ɗumama shi. Ranar da abin ya faru an ɗauke wuta tun safe, tankin ya huce sarai, aka maido ta cikin dare kowa na barci, hitar ta kama dafa ruwa mai sanyi wanda yake ɗaukar ta wajen rabin awa, ba wanda ya taɓa famfo. Tiyon roba mai saƙar waya da filamban ya sa a bakin fitar ruwan zafi shi ya fashe. Shi kuma busta na otomatik ne, da ya ji matsi ya faɗi ya ɗauka wani ne ya buɗe famfo, ya yi ta turo ruwa har sai da tankin sama ya ƙare. Ruwa ya cika bayi ya malalo ɗakin yara, kafet, katifu biyu da ke ƙasa, gindin wadrob ya kumbure, littattafan makaranta da na islamiyya duk sun jiƙe. Abin da na kashe a gyara ya fi kuɗin hitar da na aikin a haɗe, Allah dai ya tsare ba wanda ya taka ruwan kusa da soket.

Wani dattijon filamba ne ya sake aikin, da ya ga tef ɗin sai da ya yi salati. Ya sa sabon bawul, ya jona masa siririn tiyo zuwa magudanar bayi don ya yi ta ɗigarsa ba mai gani, ya ƙara wata 'yar tukunya mai iska a ciki ta lita 2 da ke shanye kumburin, ya cire tiyoyin roba ya sa fayif ɗin PPR na ruwan zafi. Ya ce, Alhaji duk wata ka ɗaga ɗan hannun da ke jikin bawul ɗin ka ga ruwa ya fito, ruwan burtsatse yana barin farin datti mai tauri da yakan liƙe shi. Na bar ƙaramar hitar a digiri 60 don ƙwayoyin cuta na son ruwa mai ɗumi-ɗumi da ya daɗe a ajiye, sai dai 60 na ƙona fata, masu ƙananan yara ku sa famfo mai gauraya zafi da sanyi. Kuma kar ku ɗora ta a layin inbata, wat 1500 zai zuƙe muku batir kafin gari ya waye.

Shi kuwa na farkon, satin da ya wuce ya kira ni wai ranka ya daɗe akwai ragowar kuɗin zuwansa na biyu, wato na toshe bawul ɗin. Na ce ya zo gida ya karɓa, har yau bai zo ba.