Daga ɗakin inji zuwa Gulbin Maradi

Wanda ya yi aiki a ɗakin injin jirgin ruwa, zafin Maradi ba zai ba shi tsoro ba. Ko a watan Afrilu da ma'auni ke haura digiri 40, na san wurin da ya fi nan, can ƙasan jirgi inda babu taga, sai ƙarar inji da warin baƙin mai. Ƙura da jama'a su ne suka gwada ni.

A Agege aka haife ni, iyayena Katsinawa ne. Na yi aiki a jiragen dakon kaya masu kai-komo tsakanin Apapa, Tema, Abijan da Dakar: awa huɗu kana kan inji, takwas kana hutu, dare da rana har kwangila ta ƙare. Maiɗakina 'yar Maradi ce. Da jinyar mahaifiyarta ta yi tsawo ta koma gida da yara, na ga in na ci gaba a haka, a waya kawai 'ya'yana za su san ni. Sai na tattara kayan aikina na biyo su ta Jibiya da Ɗan Isa, zuwa Nijar, ƙasar da ba ta da gaɓar teku ko taku ɗaya.

Ruwan garin shi ne gulbi. Da damina ya cika ya batse, rani na shiga ya koma rairayi. Baƙo zai raina shi, amma surukina ya nuna mini kwarin da tsohon gari yake kafin ambaliyar 1945 ta sa mutane suka hau tudu. Ko ya ƙafe, ruwan yana nan ƙarƙashin yashi, kuma da shi nake ci. Masu lambu a fadama da Jiratawa da injin ban-ruwa suke noman rani, inji kuwa ba ya rabuwa da ciwo. A teku gishiri ke cin ƙarfe. A nan, ka ciro filtar iska ka buga ta a kan dutse, jar ƙasa ta zubo cikin tafin hannu, mai lambu yana tsaye yana rantsuwa cewa jiya-jiya ya wanke ta. Man kwalba na bakin titi ma sai na tace shi da ƙyalle kafin in yarda ya shiga tanki. Wani ya biya da kuɗi, wani da damin zogale da alkawari.

Kuɗin ma sai da aka zaunar da ni. Da dala ake lissafi, sefa 5 ke nan, don haka in ɗan kabu-kabu ya ce ɗari, 500 yake nufi.

Abin da ya ba ni mamaki, teku ta riga ni zuwa. Shinkafa, taliya, taya, atamfa, yawanci a kwantena suka sauka. Tun juyin mulkin Yulin 2023 da aka rufe iyakar Benin, kayan da ke bin Kwatano da Gaya suka koma Lome, su ratso Burkina Faso da rakiyar soja. In alhazai na kukan tsada a kasuwa, ni kwantenar nake gani zaune a tasha, kuɗin ajiya na hawa kanta kullum. Har sun fara kirana in duba musu takardun jirgi.

Jama'a kuwa, a jirgi ba wanda ya damu da inda ka kwana muddin injinka na juyawa. Nan raɗin suna da asuba, ɗaurin aure da hantsi, jana'iza ba sanarwa, kuma ana lura da wanda bai zo ba. Da farko na ɗauke shi nauyi. Amma ni da labarin rasuwar mahaifina ya iske ni a gaɓar Abijan bayan an yi sadakar uku, ba ni da bakin ƙorafi. Ranar da surukata ta cika, da ni aka ɗauki makara.

Ban ce na bar teku ba. Littafin shaidar aikina na jirgi yana cikin akwati, wa'adinsa da saura. Kwanan nan wani abokin aiki ya turo saƙon murya daga Tema cewa ana neman mutum a ɗakin inji. Bayan isha'i na durƙusa gaban surukina na ce, "Baba, an kira ni."

Ya ɗan yi shiru, ya ce, "To ɗana, injinan mutane fa? Bari a cire albasa tukuna, sai mu yi magana."